Daga Ƙanƙara zuwa Tukunya: Yadda Nama ke Isa Bakin Yaro da Amfaninsa

 

Zancenmu na yau na nama ne. Na san a gidaje da yawa nama baƙo ne: sai ranar kasuwa, sai an yi suna, sai Layya ta zo. Abin da ba ya zuwa kullum kuwa, bai kamata amfaninsa ya zube a ƙasa ba ranar da ya zo. Yaron da ya cika wata shida yana buƙatar ƙarin abinci tare da nono, domin nono kaɗai ba ya isar masa da sinadarin ƙarfen da jiki ke yin jini da shi. Ƙarfen da ke cikin nama da hanta ya fi shiga jiki da sauƙi bisa ga na gero da wake. Saboda haka hukumar lafiya ta duniya take kira da a riƙa ba yara masu wata 6 zuwa 23 nama, kifi ko ƙwai kowace rana gwargwadon hali.

Ku fara riƙe wannan: kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen nama marar kitse ruwa ne. Ruwan nan yana kulle cikin ƙananan zarurrukan tsoka, kuma a cikinsa wani rabo na sinadaran gina jiki, da ƙarfe, da bitamin yake narke. Duk abin da ya fitar da ruwan nan ya zubar, ya tafi da rabon yaronku. Sanyi yana iya yin haka, wuta ma tana iya yi.

Mu ɗauki sanyi. A cikin gari yanzu ba abin mamaki ba ne mace ta kai naman Layya firigon maƙwabciya ajiya, ko ta sayi kifi da kaji masu ƙanƙara a shago. Idan aka jefa babbar tsoka cikin firigo, sanyi yana shigar ta a hankali, sai ruwan cikinta ya daskare ya zama manyan ƙwayoyin ƙanƙara masu kaifi, su yayyaga zarurrukan nan daga ciki. Ranar da naman ya narke za ku ga jan ruwa ya taru a gindin kwano. Mutane suna cewa jini ne. Mafi yawansa ruwan tsokar ne da kanta. In kuwa an yayyanka naman ƙanana, aka shimfiɗa shi fale-fale cikin leda mai tsabta, sanyi ya kan kama shi da sauri, ƙwayoyin ƙanƙarar su zama ƙanana, ɓarnar ta ragu. A matse iskar da ke cikin ledar kafin a ɗaure, domin iska ce ke busar da bayan nama ta mai da shi fari-fari, ita ce kuma ke sa kitse ya canza wari. Kowace leda ta zama daidai girki ɗaya, don kada a narkar da abin da ba za a dafa ba.

Akwai abin da ya fi asarar ruwa haɗari. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Barci kawai take sa su. Da zarar nama ya ɗumama sai su farka su ci gaba da hayayyafa, kuma sun fi sauri tsakanin digiri 5 da digiri 60 na zafi. Ku tuna da zafin Afrilu da Mayu a ƙasar Adar da kwarin Tarka, lokacin da ma'auni ke haura 40. Firigon daskarewa ya kamata ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili, amma wannan sai da wuta mai ɗorewa, mu kuwa mun san halin wutarmu. Waɗanda suka ga watan Agusta na 2023, sa'ad da wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, ba sa buƙatar a ba su labari. Firigon da ya cika, aka kuma bar shi a rufe, yana iya riƙe sanyi kamar kwana biyu. Wanda yake rabi, kamar kwana ɗaya. A tsananin zafinmu kada ku dogara da cikar wannan lissafi. Naman da ya narke ya sake daskarewa ya yi asarar ruwa sau biyu, ƙwayoyin cuta kuma sun samu damar yawaita a tsakani. Idan za ku saya, ku taɓa: ya kasance da tauri kamar dutse. In kun ga jan ruwa ya daskare a kusurwar leda, ko ƙanƙara ta yi tuli a ciki, alama ce ya taɓa narkewa. Idan naman gida ya narke amma har yanzu da sauran ƙanƙara a jikinsa, a dafa shi ranar. Idan ya ɗumama, ya yi yauƙi ko wari, babu yajin da zai gyara shi.

Kada a narkar da nama a rana, kada a bar shi a kwano tun safe har la'asar. Bayansa zai ɗumama alhali cikinsa na daskare. A sa ledar a ɗaure cikin ruwan sanyi ana canza ruwan kowane rabin awa, ko kuma, in yankan ƙanana ne, a zuba su tukunya kai tsaye da ƙanƙararsu.

Yanzu wuta. A Faransa, cikin shekarun 1970, wani mai dafuwa da ake kira Georges Pralus ya shahara da wata hanya da suke kira su-bid, wato dafuwa inda babu iska. Ana sa nama cikin leda ta musamman, a zuƙe iskar da na'ura, a nutsa shi cikin ruwan da zafinsa bai kai na tafasa ba, galibi tsakanin digiri 55 da 65, a bar shi awowi masu yawa. Masu bincike sun gwada ta a kan nama iri-iri, har da na alade wanda mu ba ma ci, amma ginin tsokar dabba kusan ɗaya ne, abin da suka gano ya shafi akuyarmu da ragonmu. Wuta mai ƙarfi tana sa zarurrukan tsoka su takure su matso ruwansu waje, kamar yadda ake matse wanki. Wuta mai sauƙi da ta daɗe kuwa tana narkar da jijiyoyi da farar fatar da ke naɗe da tsoka, nama ya yi laushi ruwansa bai gudu ba.

Ban kawo wannan don ku kwaikwaya ba, ina ma roƙonku kada ku yi. Su suna da na'urar da ke tsare zafi a wuri ɗaya da ledar da aka yi don haka. Wadda ta ƙulle nama a baƙar ledar kasuwa ta jefa a ruwan ɗumi, ɗaki ta gina wa ƙwayoyin cuta. Abin da za mu ɗauka shi ne hikimar, ita kuwa kakanninmu sun riga Faransa sanin ta: a bar tukunya ta tafasa sosai da farko, sannan a janye itace, a rufe da murfi mai kamawa, a bar ta tana ɓararraka a hankali har nama ya saki. Ruwa kaɗan ya isa. Nama ya nuna har ciki, babu ja ko kaɗan. Masu ma'auni suna cewa digiri 70. Itace ma ya fi auki ta wannan hanya, wadda ta yi tafiya neman shi ta san darajar hakan.

Romon kuma kada a zubar, kada a ba babba shi kaɗai, domin abin da ya fita daga nama yana cikinsa. Sai dai romo shi kaɗai bai wadatar ba. Na sha ganin uwa ta tsoma tuwo a romo ta ba yaro, tsokar ta tafi kwanon maigida, ana cewa yaro ba shi da haƙora. Turmi shi ne haƙoransa. A cire rabonsa tun kafin a zuba yaji, a daka ko a murtsuke shi lilis, a gauraya da romon cikin kunu ko tuwo mai laushi. Cokali biyu ko uku na dakakken nama ko hanta ba ƙaramin abu ba ne a cikin ɗan wata takwas.

Ga mafi yawanku da ba ku da firigo, ba a bar ku a baya ba. Madawa ta yi suna da kilishi, kuma shanya nama fale-fale ya fi amana bisa ga firigon da wutarsa ke zuwa tana tafiya. A shanya a bisa, nesa da ƙura, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda. Na yaro a bar shi babu yaji, ya bushe ƙayau, a daka ya zama gari, a ajiye a gwangwani mai murfi, a riƙa zuba shi cikin kunu tun yana kan wuta don ya tafasa tare. Soyayyen naman Layya ma haka: yana da tauri ƙwarai, yana iya shaƙe yaro, sai an daka an sake dafawa. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a fili; in ya wuce hannun farko, a sake tafasa shi kafin a ba yaro. Wuƙa da faranti da hannun da suka taɓa ɗanyen nama a wanke su da sabulu kafin su taɓa abincin da ya nuna.

Ku masu zaga gidaje, idan kun shiga gida a makon Layya, ku tambayi inda aka ajiye nama da kuma ko ƙaramin yaro ya samu nasa. Idan kun tarar da yaro yana zawo ko amai, uwa ta ci gaba da ba shi nono, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti, a kai shi gidan likita a karɓo masa zinki, domin zawo mai maimaituwa ƙofar tamowa ce. Ku auna damtsensa a nan take. In ma'aunin ya nuna ja, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko akwai jini a bayan gidansa, a kai shi CSI ranar, kada a jira ranar kasuwa.

 Mai tambaya ta ɗaga hannu.