Sabuwar Tsirkiya



Matasanmu masu kaɗa jita a majami'a sun san wannan baƙin ciki. A yi tafiya har Gusau ko Sakkwato a sayo sababbin tsirkiyoyi 6, a ɗaura su daren Asabar, a yi ta murɗa kunne da gaggawa har a wuce muryar da ake nema. Sai ka ji tas! Siririyar nan ta farko ta tsinke, ga sujada da safe. Nan da nan mu ce mai kanti ya cuce mu, alhali sau da yawa hannunmu ne. Sabuwar tsirkiya takan miƙe a hankali: a ɗaure kaɗan, a kaɗa, ta saki, a ƙara. Bayan 'yan kwanaki ta zauna. In kuwa kullum wuri ɗaya take tsinkewa, a duba inda ta hau, akwai kaifi.

Ikilisiyoyinmu a yankin nan ƙanana ne, ma'aikata kaɗan. Mutum ya tuba jiya, yau mun ba shi ajiyar baiko da Makarantar Lahadi, har da wa'azi. Da ya gaza, mu ce da ma ba na gaske ba ne. Manzo Bulus ya hana Timoti ɗora sabon tuba kan shugabanci. Ku karanta 1 Timoti 3:6.

Bari mu yi addu'a domin waɗanda aka yi wa baftisma bana, kowa da sunansa.