Kufan Masallacin Takadda: Jawabin Taron Ƙungiya

 

Yau muna so mu yi magana bisa wani kufai na ƙasar Azbin, arewa da Ingal, kusa da Tigiddan gishiri. Sunan wurin Azelik. Masana sun ce nan ne tsohon birnin Takadda. A shekarar 1353 Ibn Batuta, matafiyin nan na Maroko, ya sauka garin. Ya iske gidajen jan dutse, da alƙali, da masu narka tagulla. Cikin ƙasashen da ake kai tagullar ya ambaci Borno da Kubar, wadda masana ke cewa Gobir ce. Ashe ke nan kakanninmu sun san wannan hanya. Daga baya Shehu Magili ya zauna Takadda kafin ya isa Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Garin ya watse, mutanensa suka koma Ingal da Tigidda. Cikin shekarun 1970 masu bincike, har da Suzanne Bernus, suka yi aiki wurin. Abin da ya rage na masallaci shi ne tushen gini da jerin duwatsu. Amma daga jerin nan ake gane inda alƙibla take da inda liman ke tsayawa. In aka kwashe duwatsun, shaida ta tafi, ba mai maido ta.

Iska da ruwan sama suna cin kufai sannu-sannu. Hannun mutum kuwa dare ɗaya ya ishe shi: wannan ya ɗauki dutse ya yi murhu, wancan ya tona yana neman dukiya.

Don haka muna roƙon abu uku. Ƴaƴanmu masu zuwa arewa neman aiki ko fataucin gishiri, in kun bi ta wurin, ku yi addu'a, kada ku ɗauki komi. Na biyu, kufan da ke bayan garinmu, mu bar yin noma bisa tsohon masallacinsa, mu kewaye shi da ƙaya. Na uku, ƴan makaranta su zauna da tsofaffi su rubuta abin da suka sani tun suna raye.

Allah shi jiƙan magabata, shi ba mu damina mai albarka. Amin.