Ƙarin Ilmi ga Ma'aikatan Jinya da Lafiyar Iyali a Karkara



Wataƙila wani ya tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da zancen asibiti? To, a yi mini haƙuri, amsar tana tafe.

Bari mu ɗauki Wurma, cikin Ƙaramar Hukumar Kurfi, a matsayin misali. Idan yaro ya kwana da zazzaɓi, ko naƙuda ta yi wa mace gardama, ba likita ne za a fara gani ba. Wanda ke ɗakin shan magani shi ne zai duba, shi ne kuma zai yanke shawarar ko a tsaya nan, ko a nemi mota zuwa babban asibitin Kurfi ko Dutsin-Ma, ko ma Katsina. Watau an ɗora masa nauyin likita, alhali ba a ba shi karatun da ya kai nauyin ba.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka, ƙarancin likitoci ne ya sa a 1965 wata malamar jinya, Loretta Ford, da wani likitan yara, Henry Silver, suka buɗe kwas a Jami'ar Kolorado domin ƙara wa nas-nas ilmi har su iya binciken cuta. Daga yara aka faɗaɗa shi zuwa iyali gaba ɗaya, yau kuwa sai da babban digiri ake shiga wannan aiki, a kuma ba mutum izinin rubuta magani. A nan gida ma an gwada irinsa a Gbaja, cikin Legas, daga 1967 zuwa 1970, inda nas-nas suka riƙa duba yara bisa rubutattun ƙa'idoji. Bayan taron Alma-Ata na 1978, sai aka fara horar da jami'an kiwon lafiyar al'umma a asibitocin koyarwa a 1979, kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ƙarfafa tsarin sa'ad da yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. Wannan shi ne mafi kusa da abin da Amurkawa ke yi. Sai dai rubutacciyar ƙa'ida tana da iyaka: tana gaya maka abin da za ka yi in ka gane cutar, ba ta gane maka ita.

A nan ne harshe ya shigo. Bahaushe ba ya zuwa asibiti da sunan cuta irin na littafi. Zai ce yana da “sanyi”. Wane sanyin? Na ƙashi, ko na ƙirji, ko kuwa wanda kunya ta hana a ambata sosai? “Basir” a bakin mutanenmu ya wuce abin da likita ke nufi da shi, ya haɗa da ciwon baya da kasala da kumburin ciki. “Shawara” da “daji” su ma haka. Mace mai cikin fari kuwa ba za ta ce tana da ciki ba, sai ta sunkuyar da kai, uwar miji ta yi magana a madadinta, ita ma a sakaye. Wanda bai iya sauraron irin wannan zance ba, ko ya haddace littafi, maganin wata cuta daban zai bayar.

Ga kuma al'ada. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a ƙasar Zazzau, suka danganta yawansa da kunun kanwa, da wankan jego, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Gane wannan aikin bincike ne. Amma wa zai shiga cikin gida ya shawo kan tsohuwar da ta yi wa 'ya'ya goma wanka a kan ta rage kanwa, ba tare da ya ci mutuncinta ba? Sai macen da ta san gidan, ta kuma san zuciya da hawan jini. Namiji ma sau da yawa iyakarsa zaure.

Saboda haka ra'ayina shi ne, ƙarin karatun ya fara da 'ya'yan wurin. Yarinyar da ta tashi a Wurma ko Birci, ta yi makarantar jinya ta Katsina ko ta ungozoma a Malumfashi, ta yi aiki 'yan shekaru, ita ya kamata a tura jami'a da albashinta, bisa sharaɗin ta komo. Baƙo yakan nemi canjin wurin aiki tun bai kwance kaya ba, balle a shekarun nan da rashin tsaro ya addabi wannan yanki. Sa'an nan a sa darasin Hausar asibiti cikin manhaja, a ci jarrabawarsa kamar yadda ake cin ta harhaɗa magunguna. Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011 tana kusa, kuma tattara waɗannan kalmomi daga bakin ungozomomi da wanzamai aiki ne da ɗalibanmu na Hausa za su iya somawa a hutun da ke zuwa.