Mai yi wa gida kima, da abin da za ku tambaye shi

 Ina gaida ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci, maza da mata, na Yamai da na karkara. Hirarmu ta yau a kan gida ce da kuɗinsa.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Haka ne, in gero za ka saya a kasuwar Katako. To amma gida ba buhun gero ba ne. Gida na bukatar mai awo da lissafi, wanda ya koyi aikin. Shi ne mai yi wa gida kima. Da Faransanci ana ce masa ekisper.

Yaushe za ku bukace shi? Na ɗaya, lokacin rabon gado. Na biyu, in za ku jinginar da gida ku ci bashin banki. Na uku, in gwamnati za ta karɓi filinku domin aikin jama'a, kamar hanya ko gada. Dokar 1961 ta ce sai an biya diyya, ita kuwa diyya a kan kima ake yanke ta.

Ku ɗauko fensir mu yi lissafi. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da ƴaƴa da gida. Rabon matar tumuni ne, wato kashi 1 cikin 8. In gidan ya kai miliyan 8, rabonta miliyan 1. To, babban ɗa na son ya riƙe gidan ya biya sauran magada. Sai ya kawo abokinsa ya ce gidan miliyan 4 ne. Rabon matar ya koma jikka 500. Kun gani? An cinye rabin haƙƙinta, ba wanda ya taɓa asusunta. Wata ɗalibata haka ya faru gare ta. Ta dangwala yatsa a takardar da ba ta iya karantawa ba a lokacin.

Yaya mai kima na gaskiya ke aikinsa? Da farko yakan nemi takardu: takardar fili ta ma'aikatar magajin gari, ko takardar mallaka ta ma'aikatar haraji, irin wadda ake kira Sheda, da aka fito da ita a 2006. Sannan ya zo da ƙafarsa. Ya auna tsawo da faɗi da metir. Ya duba ginin, na laka ne ko na siminti, rufin ya tsufa ko da saura, akwai famfo da wuta ko babu. Ya duba unguwa. Kun tuna ambaliyar 2020, da kogin Kwara ya shiga Lamorde da Kirkisoy da Saga. Gidan da ruwa ke ci ba zai yi kuɗi ɗaya da gidan da ke kan tudu ba. Daga nan ya bincika nawa aka sayar da gidaje irinsa a kusa, kwanan baya. A ƙarshe ya rubuta rahoto, da kwanan wata, da sa hannu, da hatimi.

Akwai abubuwan da aikinsa ya hana shi. Ba ya yi wa gidan da yake son saye kima. Ba ya karɓar goro domin ya ɗaga kuɗi ko ya rage. Ladan aikinsa tun farko ake shirya shi. Ba ya kai sirrin mai gida kasuwa. A nan ya bambanta da dillali. Dillali na da amfaninsa, shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa. Amma la'adarsa sai an yi ciniki take fitowa, don haka yana da nasa rabo cikin maganar.

Shi ya sa hukuma ke sa ido a kan wannan sana'a. A maƙwabciyarmu Najeriya, tun 1975 doka ta kafa hukumar da ke rubuta sunayen masu kima, wanda ba ya cikin littafinta ba shi da izinin aikin. A Amurka, bankuna da yawa sun karye cikin shekarun 1980, ƙaryar kimar gidaje na cikin dalilai. Sai a 1989 aka yi doka cewa jihohi su riƙa ba masu kima takardar izini bayan jarrabawa. A nan Nijar, in rigimar gida ta kai gaban alƙali, yana iya naɗa gwani wanda ya yi rantsuwa, ya duba ya kawo rahoto. Wanda ya rantse, in ya yi ƙarya, akwai inda za a kai ƙararsa.

Saboda haka, malam, malama, kafin ku yarda da kimar wani, ku yi masa tambaya uku. Ina takardarka ta izinin aiki? Wa zai biya ka, nawa ne kuma? Kana da dangantaka da mai saye ko da wani cikin magada? In ya ba ku rahoto da Faransanci, ku nemi adadin ku karanta da kanku, lambobi iri ɗaya ne da na ajinmu. Sauran kuma wani amintacce ya fassara muku. In ba ku gamsu ba, ku nemi kimar mutum na biyu kafin ku sa hannu.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya rubuta tambayoyin nan uku cikin littafinsa. Sannan ku lissafa tumunin miliyan 6, ku kai wa malaminku ya duba.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.