Hawan Jini Ba Ciwon Tsofaffi Kaɗai Ba Ne

Shugaban ƙungiya, malamanmu iyayenmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai na Tambuwal da Kebbe, ina godiya da wannan dama da kuka ba ni.

Yawancinmu mun ɗauka hawan jini ciwon masu furfura ne. To, a aikina na asibiti ina ganinsa a jikin yara. Mugun halinsa kuwa shi ne ba ya sallama: yaro yana wasa, yana zuwa makaranta, ciwon yana cin zuciyarsa da ƙodarsa a ɓoye.

Ga ƙananan yara, sau da yawa daga ƙoda matsalar take tasowa. Idan yaro ya yi ƙazwa mai ruwa ko ciwon maƙogwaro, bayan 'yan makonni fuskarsa ta kumbura da safe, fitsarinsa ya koma kamar shayi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A kai shi babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe, in abin ya fi ƙarfinsu su tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ga matasa kuwa, ƙiba da gado da yawan gishiri su ne kan gaba.

A 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa auna kowane yaro sau ɗaya a shekara tun daga shekara 3. Daga shekara 13, awon da ya kai 130/80 hawan jini ne, amma sai an same shi a zuwa uku daban-daban kafin a tabbatar. Magani yakan fara da rage gishiri da dunƙulen miya, da motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, na yaro ƙasa da haka. Ƙwaya sai likita ya rubuta. Kada uba ya ɓalla wa ɗansa tasa.

Roƙona ɗaya ne. Mu tara kuɗi mu saya wa ɗakin shan maganin makarantarmu na'urar awo mai ɗamara manya da ƙanana, domin ɗamarar da ba ta yi daidai da hannu ba ƙarya take faɗi. A auna kowane ɗalibi a farkon shekarar karatu, wanda nasa ya hau a sanar da iyayensa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.