Ruwanmu da masu haƙar ma'adini

Mu mutanen Damargu mun san zurfin rijiya, gugarmu sai raƙumi ya ja. To, haƙar jan ƙarfe ruwa take sha: sai an niƙa dutsen, an dama shi, kana ƙarfen ya taso. A ƙasar Shili, mahaƙar Escondida ta bar ruwan ƙasa a ƙarshen 2019, ta koma tace na teku. Mu ba mu da teku. Nan Arlit ma, tun 1971 masu iraniyom suka yi ta zuƙar ruwan da damina ba ta mayarwa. Duk kamfanin da ya zo tsakanin Tanut da Belbeji, mu tambaye shi gaban mai gari: ina zai ɗebi ruwa, wa zai auna rijiyoyinmu kafin ya fara?