JAWABIN KWAMITIN GARKA: YADDA ZA MU TADA LALLEN IYAYENMU BA TARE DA MUN KASHE SHI BA

(Wanga jawabi kwamitin garka ya karanta shi gaban taron ƙungiya na bayan Salla. Mun buga shi domin ƴan'uwanmu na nesa waɗanda ba su samu zuwa ba.)



Maigari, liman, dattawa, iyayenmu mata, da ku ƴan'uwa da kunka zo daga Yamai, Maradi, Damagaram, Kano, Kwatano da Abijan, muna gaishe ku da hanya. Allah shi saka muku da alheri, shi maida kowa gidanshi lahiya.

Kowa ya san abin da ya tara mu. Kuɗin da kunka aiko sun isa a gina shato, wato babban tankin ruwa na bisa, da famfo mai aiki da hasken rana. Masu aikin sun auna, sun ce babu wurin da ya dace sai gabas ga rijiya. To, daidai nan ne lallen iyayenmu mata shike, gindi 12, da lemun tsami 3 waɗanda samari sunka dasa shekara 5 da sunka wuce. Magina sun ce a sare. Iyayenmu mata sun ce sam, ba da yardarsu ba. Magana ta yi tsawo, har wasu sun fara gaisawa sama-sama.

Dattawa sun sa mu mu duba. Mun duba, ga abin da munka gani: ba sai an sare ba, ba kuma sai an fasa shato ba. Ana iya tada icce babba a kai shi wani wuri shi rayu. Amma ba aikin wuni ɗaya ba ne, aikin wata shida ne. In kun ba mu wata shidan nan, mun ɗauki alkawali.

ME YA SA BA ZA MU SARE BA

Yaran yanzu ba su san tarihin lallen nan ba. Bayan yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari, maza da yawa sun bar gari neman abinci, mata ne sunka riƙe garka. Su sunka dasa lallen, suna ɗauko mishi ruwa da tulu bisa kai. Kuɗin garin lalle ya sayi gishiri da sabulu da littahin ƴan lekol a gidaje da yawa. Amaren garin nan duka da shi anka yi musu ƙunshi. Wasu daga cikin waɗanda sunka dasa shi sun riga mu gidan gaskiya. Tun 1975 ƙasarmu ta maida ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa, kowace shekara muna hita muna dasawa. Abin kunya ne mu dasa ƙanana da hannun dama, mu kashe manya da hannun hagu.

KUSKUREN DA MUNKA YI A BAYA

Ba za mu ɓoye muku ba, mun taɓa gwadawa mun faɗi. Shekarun baya, da za a faɗaɗa ƙohwar garka, mun tada lemo guda. Cikin bazara ne, da rana tsaka. Mun gina kusa da gindi, mun ja shi da ƙarhi, ƙasa ta zube, saiwoyi sunka hito tsirara. Sannan ne munka fara ginar sabon rami, iccen na kwance cikin rana. Mun zuba mishi ɗanyen taki don mu kyautata mishi. Kwana goma bai yi ba ya bushe. Muka ce wai wurin ne bai karɓe shi ba. Ba laihin wuri ba ne, laihinmu ne.

Daga baya mun tambayi ma'aikatan gandun daji da tsofaffin masu garka na Jiratawa, sun buɗe mamu ido. Manyan saiwoyin da muke gani, aikinsu riƙe icce ne da ajiyar abinci. Waɗanda ke shan ruwa su ne ƴan ƙanana, sirara kamar gashi, kuma mahi yawansu can nesa da gindi suke, wajen iyakar inuwar iccen. Wanda ya gina kusa da gindi ya cire, ya baro bakin iccen cikin ƙasa. Ganye na zubda ruwa cikin iska, babu mai maida mishi. Ƙishirwa ce ke kashe shi ko da ana zuba mishi ruwa safe da marece.

Ke nan dabarar duka guda ce: a sa icce shi yi sabbin ƙananan saiwoyi kusa da gindinshi tun shina wurinshi na da, sannan a ɗauke shi tare da ƙasar da ke riƙe da su.

AIKI NA FARKO: CIKIN DARI

Ba a fafe gora ranar tahiya. Cikin watan Janairu za mu fara. A auna kaurin gindin iccen, wato faɗinshi daga gehe zuwa gehe. Curin ƙasar da za a ɗauka tare da shi shi kai ninki 10 na wannan faɗi. In faɗin gindi santimita 6 ne, curi shi zama santimita 60. Lalle mai rassa da yawa daga ƙasa, a bar mishi kamu ɗaya daga gindi ta kowane gehe.

A zana da'ira kewaye da icce, a gina siririn rami bisa zanen, zurhin santimita 40. Amma rabin da'irar kaɗai za a gina a karo na farko. Duk saiwar da anka tarar a yanke ta da wuƙa ko adda mai kaihi, yanka ɗaya. Kada a ja, kada a farfasa da gatari, don saiwar da ta dagargaje ruɓewa take, wadda anka yanke da kyau ita ke tohowa. A cika ramin da ƙasa mai laushi haɗe da ruɓaɓɓen taki, a ba shi ruwa. Bayan wata ɗaya da rabi ko biyu a gina ɗaya rabin. Ta haka icce ba shi rasa bakinshi duka rana ɗaya. Daga nan har faɗuwar damana a dinga ba shi ruwa cikin da'irar, sau biyu a mako. In an ƙi ba shi ruwa cikin bazara, yankan da munka yi zai zama ajalinshi.

Cikin wannan lokaci kuma za mu yi rigakahi. Lalle shina kamawa daga reshe. Za mu yanki rassa masu kaurin alƙalami, tsawon taƙi ɗaya, daga kowane gindi, mu kafa su cikin leda a inuwa muna yayyafa musu ruwa. In wani gindi ya ƙi, ɗanshi na nan. Irin iyayenmu ba shi ɓacewa.

AIKI NA BIYU: SABON WURI

Mun zaɓi gehen yamma, bakin darni, inda rana ke samu kuma ruwa ba shi kwanciya. Lalle na son rana. Lemo kuwa ba shi son ƙafarshi cikin ruwa. Ramu za a gama su mako ɗaya kahin ranar tashi. Faɗin rami shi ninka na curi sau biyu, amma zurhinsu ɗaya. Ƙasar bisa a ajiye ta daban, ita ce mai albarka, ita za a haɗa da ruɓaɓɓen taki a maida kewaye da curi. Ɗanyen taki kada shi kusanci wurin: shina ƙone sabbin saiwoyi, shina kiran gara. A barbaɗa toka kaɗan a bakin rami saboda garar. Tsakanin lemo da lemo a bar taki 5 na babban mutum, tsakanin lalle da lalle taki ɗaya da rabi ya isa.

AIKI NA UKU: RANAR TASHI

Ba ruwan farko za mu bi ba, don sau da yawa shina yaudara. Sai damana ta zauna, ƙasa ta jiƙa, wajen farkon Yuli. A zaɓi ranar da ke da hadari ko lumshi, a fara bayan la'asar, don icce shi samu sanyin dare kahin shi gamu da rana.

1. Ana gobe za a tashi, a shayar da icce sosai. Ƙasarmu jigawa ce, in ta bushe ba ta riƙe kanta.

2. A rage kai. Lalle ya saba da yanka, ana iya sare shi a bar tsawon gwiwa. Lemo kuwa a yi mishi sannu: a cire kamar kashi ɗaya cikin uku na rassa, da hure da ɗiya duka. In an tsiraita shi, rana na ƙone ɓawonshi. A shafa farar ƙasa a gindi da manyan rassa.

3. A ɗaura ƙyalle a reshen da ke duban gabas, don a sabon wuri shi sake duban gabas. Gehen da ya saba da inuwa kada a juya shi ga zahin rana.

4. A gina ta bayan tsohon zobe, ba ta cikinshi ba, don kada a taɓa sabbin saiwoyi. In an kai zurhi, a karkata dagi ta ƙarƙashi a yanke saiwoyin da sunka nutsa.

5. A karkata curi, a zura buhun algarara ta ƙasa, a naɗe, a ɗaure tam da igiya. In buhun leda ne anka samu, dole a cire shi cikin rami, don ba shi ruɓewa.

6. A ɗauka ta curi, kada a ɗauka ta gindi. Curi mai faɗin santimita 60 ya hi buhun hatsi nauyi. Mutum huɗu ga kowane icce, ko a ja shi bisa tsohuwar fata ko kwano. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka.

7. A zaunar da shi daidai zurhin da shike a da. Alamar tsohuwar ƙasa na nan a jikin gindi, ita ce ma'auni. Mutanenmu na son binne icce da zurhi wai don shi kahu. Wannan shi ke ruɓar da wuyan lemo har shi dinga zubda ƙaro. In lemon mai aure ne, wurin auren shi tsaya bisa ƙasa.

8. A cika rami rabi, a zuba ruwa, a bari shi nutse, sannan a ƙarasa. A danna da ƙafa a hankali. A yi mishi kwari kewaye kamar akushi, amma a tara ƴar ƙasa kusa da gindi don ruwa kada shi kwanta a jikinshi.

Icce guda a gama da shi kahin a taɓa na biyu. Daga tsohon rami zuwa sabo kada shi wuce rabin awa. In ba mu gama rana ɗaya ba, babu laihi, gobe ma rana ce.

AIKI NA HUƊU: RENO

Nan ne aka hi faɗuwa. Ranar tashi kowa na nan, ana shan hura ana raha. Bayan mako biyu sai a nemi mai ɗaukar tulu a rasa. Ku da ke zaman baƙunci kun hi mu sani: ba ranar sauka ce mai wuya ba, watannin da ke biye ne, kahin mutum shi san inda zai ci da inda zai kwana. Icce ma haka.

A kafa mishi turaku biyu a ɗaure da tsumma, kada iskar hadari ta girgiza curi. A yi ma lemo rumfar zana ta gehen yamma har mako uku. A shimhiɗa kara ko busasshen ganyen dogon yaro kewaye, a bar tazarar tahin hannu daga gindi, ana ɗagawa ana duba gara. A kewaye da ƙaya, don akuya ba ta san tarihi ba. In kwana uku sun wuce babu ruwan sama, kowane gindi shi samu bokiti ɗaya na lita 20. In damana ta ɗauke a ci gaba sau biyu a mako har wata damana. Takin zamani kada a sa sai an ga sabon toho ya yi ƙwari. Shekarar farko ba a tsinkar lalle, ba a barin lemo shi yi ɗiya. Iyayenmu mata, ku yi mamu haƙurin shekara guda.

Kada hankalinku shi tashi in kun ga ganye na zuba. Iccen da ya zubda ganye da kanshi shina da rai, rage kaya ne shike. Wanda ganyenshi ya bushe ya maƙale bai faɗi ba, shi ne abin tsoro. A kankare ɓawo kaɗan da farce: in ciki kore ne, a ci gaba da ruwa. Kada a yanke ƙauna sai an ba shi wata biyu.

GARGAƊI

Kada wani shi ji wanga jawabi shi tahi gona shi ce zai tada gawo ko aduwa ko tsamiya. Waɗannan uwar saiwarsu na nutsawa ƙasa gaba da yawa, in an yanke ta an gama da su. Su a inda Allah ya tsiro da su ake renonsu, kamar yadda manoman jihar Maradi ke yi da sassaben zamani tun wajen 1983. Tsohon mangwaro ma ba shi son tashi. Lalle, gwaba, rumman da lemo mai ƴan shekaru su ne ke jurewa. Ko su ɗin, ba mu ce duka za su rayu ba. Rai na Allah ne. Abin da ke wuyanmu shi ne kada mu zama sanadi.

ABIN DA MUKE ROƘO

Na ɗaya, dattawa su yarda a jinkirta tushen shato har a tada itatuwan. Kahin nan magina na iya buga bulo da jan bututu, aiki ba shi tsayawa. Na biyu, samari 8 su ba da sunansu ga magatakarda yau, don ramun Janairu. Na uku, kowace unguwa ta ɗauki mako guda na ban-ruwa, a rubuta a liƙa a ƙohwar garka. Na huɗu, ƴan'uwa na nesa, duk mai iko shi ƙara jikka ɗaya bisa kuɗin wata, don buhuna da igiya da goron masu aiki. Ma'aji zai karanta lissahi a taro mai zuwa.

Iyayenmu mata kuwa, ku za ku nuna mamu gindin da za a fara da shi, kuma hannunku ne zai zuba ruwan farko a sabon rami.

Wanda ke da gyara shi tashi shi faɗa yanzu, kada a watse a koma ana yi a bakin kasuwa. Allah shi ba mu damana mai albarka, shi jiƙan waɗanda sunka dasa, shi ba mu ikon riƙe amana.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin Garka